Lesin Lissafin Common Entrance: Waya a Hannun Babba, Fensir a Hannun Yaro



Yau maganar ta iyaye ce da yayye da malaman lesin, musamman masu yaro ɗan aji 5 ko aji 6 na firamare da ake shirya wa jarrabawar shiga sakandare. Tambayar da ke bakin iyaye da yawa ita ce: wace manhaja zan sauke wa yarona don ya ci lissafi? Bari in faɗi ra'ayina tun daga farko, wanda zai yi musu ya san abin da zai yi musu a kai. Duk manhajar da aikinta shi ne ba yaro amsa, a wannan mataki cutar da shi take yi. Waya tana da amfani sosai a shirin jarrabawa, amma a hannun babba ya kamata ta zauna. Shi yaro fensir da takarda ne nasa.

WACE JARRABAWA MUKE MAGANA A KAI?

Babbar cikinsu ita ce Common Entrance ta ƙasa, wadda hukumar NECO mai hedikwata a Minna ke shiryawa duk shekara don ɗaukar yara aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kwalejojin gwamnatin tarayya. Waɗannan makarantu sun haura 100 a faɗin Najeriya. A nan kusa da mu akwai FGC Kano da FGC Daura da FGC Azare da FGC Sakkwato, sannan na 'yan mata irin su FGGC Bakori da Kazaure da Minjibir da Gusau. NECO ɗin ce kuma ke shirya jarrabawar shiga makarantar yara masu hazaƙa ta Suleja. Makarantun sojoji da manyan makarantun kuɗi su ma kowacce da tata jarrabawar. Wanda ya girma kuma, idan ɗan Kano ne, zai sake karo da irin wannan tantancewar in yana neman makarantun kimiyya na Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa bayan ya gama ƙaramar sakandare.

Abin da ya sa lissafi ya fi tsaya wa iyaye a rai shi ne, a Common Entrance sau biyu yake fitowa. Akwai lissafi na yau da kullum, sannan akwai ɓangaren da ake kira Quantitative, inda ake ba yaro misalai na lambobi a cikin akwati ko da'ira ko alwatika, a ce ya gano ƙa'idar da ta haɗa su. Yaron da lissafinsa ya yi rauni, ta wuri biyu yake zubar da maki.

Tambayoyin kuma na zaɓi ne, da Turanci aka rubuta su, kuma da ƙayyadajjen lokaci. Yaro ba ya shiga ɗakin da waya. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya tsaya.

ABIN DA MANHAJAR AMSA KE YI WA YARO

Yanzu samun amsar lissafi ya zama wasan yara. Ka buɗe Photomath ko Google Lens, ka haska kyamara a kan tambaya, amsa ta fito har da matakanta. ChatGPT ma haka. Tun daga 2024 kuwa da Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya, ba ma sai an sauke komai ba, yana nan a wayar Mama. Yaro ya ce "Mama ara min wayarki zan yi aikin gida", minti goma ya gama tambaya ashirin, duk daidai. Malamin lesin ya yi masa maki ashirin bisa ashirin, Baba ya gani ya yi hamdala. Kowa ya ji daɗi, alhali babu abin da ya shiga kan yaron. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wannan ba zato ba ne kawai. Wasu masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun gwada abin a wata sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan 1,000, suka fitar da sakamakon a 2024. Sun raba ɗaliban kashi uku a lokacin atisayen lissafi. Kashi na farko littafinsu kawai gare su. Na biyu aka ba su ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT, su tambaye ta yadda suke so. Na uku aka ba su wadda aka saita ta riƙa nuna hanya ba tare da ta faɗi amsa ba. A lokacin atisaye, 'yan kashi na biyu sun fi na farko da kashi 48 cikin 100. Da aka karɓe na'urar aka yi jarrabawa, sai suka koma ƙasa da waɗanda ba su taɓa ta ba da kashi 17 cikin 100. Su kuwa 'yan kashi na uku, illar ta kusan ɓacewa, amma a jarrabawar ba su wuce masu littafi ba.

Waɗancan fa manyan ɗalibai ne 'yan sakandare. To ina ga ɗan shekara goma ko sha ɗaya da bai gama haddace jadawalin sau ba?

Dalilin a fili yake. Lissafi kamar tuƙin keke ne, kallon wani yana tuƙawa ba ya koya maka. Wannan 'yar wahalar da yaro ke sha yana cizon fensir, yana gogewa yana sakewa, ita ce koyon. Manhajar amsa kuwa ita wannan wahalar take ɗauke masa.

KUSKUREN YARO SHI NE YAKE NUNA MAKA INDA CIWON YAKE

Babbar asarar da ake yi in yaro ya kwafi amsa ita ce an rasa kuskurensa. Kuskuren yaro a lissafi ba kasafai yake zuwa haka kawai ba, yawanci akwai wata ƙa'ida da ya ƙirƙira a kansa yake bi. Ga misalai uku.

Na farko: 503 a ɗebe 278. Amsa 225 ce. Idan yaro ya rubuta 375, ba ganganci ya yi ba. A kowane layi ƙaramar lamba yake ɗebewa daga babba: 3 daga 8, sifili daga 7, 2 daga 5. Bai gane aro ba kenan. Duk tambayar da ta ƙunshi ɗebewa, ta kuɗi ce ko ta awo ko ta lokaci, zai ci gaba da faɗuwa har sai an gyara wannan abu guda.

Na biyu: 1/2 a tara da 1/4. Yara da yawa za su rubuta 2/6, sun tara na sama sun tara na ƙasa. Kar ka fara da ƙa'ida. Tambaye shi rabin naira 100, zai ce 50. Kwatanta fa? 25. In an haɗa? 75, wato kwata uku, 3/4. Sai ka nuna masa cewa 2/6 sulusi ne, ko rabin da aka fara da shi bai kai ba. Ya za a yi a ƙara wa abu wani abu ya ragu?

Na uku: ɗan kasuwa ya sayi kaya 8,000 ya sayar 10,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Amsa 25 ce, domin da kuɗin saye ake auna riba. Yaron da ya raba 2,000 da 10,000 zai samu 20. Masu tsara tambayoyin zaɓi kuwa sun san irin wannan kuskuren, shi ya sa sau da yawa za ka tarar da amsar kuskuren tana zaune cikin zaɓin tana jiran yaro. Ya gan ta ya yi murna, ya cike, ya wuce.

Wanda ke zaune kusa da yaro yana kallon takardarsa ne kaɗai zai ga waɗannan. Idan amsar daga waya ta fito, takardar fes take, ciwon kuma yana nan.

RABIN MATSALAR TURANCI CE

Ga wani abu da manhajojin ƙasashen waje ba su san da shi ba. Yaron da ake aika kanti da 1,000 ya sayo abu na 650 ya dawo da canji daidai, ya iya ɗebewa. Amma a rubuta masa "find the difference between 84 and 37" sai ya tsaya, saboda shi abin da ya sani, "different" na nufin daban. Bai san ana cewa ya ɗebe ne ya samu 47 ba. Haka "product", wanda ke nufin a ninka, da "sum", a tara, da "remainder", abin da ya yi saura bayan rabawa, da "share equally", da "altogether", da "how many more".

Kafin ka yanke hukuncin cewa yaronka bai iya lissafi ba, gwada wannan: karanta masa tambayar da ya faɗi, ka fassara masa da Hausa. Idan ya amsa nan take, to lesin ƙarin lissafi ba shi ne maganinsa ba. Kalmomin yake buƙata. A samu kwali a rubuta kalmomi ashirin ko talatin da ma'anarsu a manna a bango. Kullum kafin ya taɓa fensir, ya fara faɗa da bakinsa da Hausa: me aka ba ni, me ake nema? Yaron da ya iya amsa waɗannan biyun ya ci rabin tambayar.

TO YAYA ZA A YI AMFANI DA WAYAR?

Ban ce a jefar da waya ba. Ga yadda nake ganin za ta yi aiki.

1. Fara da gano matakin yaro. Kafin a sayi littafin tambayoyin shekarun baya, rubuta masa waɗannan a takarda, kar ka taimaka masa: 467 + 385, sai 503 − 278, sai 36 × 7, sai 156 ÷ 6, sai 1/2 + 1/4, sannan tambayar zance guda ɗaya da Turanci. Amsoshin su ne 852 da 225 da 252 da 26 da 3/4. Inda ya fara tuntuɓe, nan ne za a fara lesin, ko da aikin 'yan aji 3 ne. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita, wato koyar da yaro daidai matakinsa ba daidai ajinsa ba, kuma an gwada ta a Borno da Kano. Babu amfanin koya wa yaro kashi cikin ɗari alhali bai iya rabawa ba.

2. Sa ƙirƙirarriyar basira ta ƙirƙiro tambaya maimakon amsa. A nan take da amfani na gaske. Kai babba ka buɗe Meta AI ko ChatGPT ka ba ta umarni kamar haka: "Ba ni tambayoyi 10 na ɗebewa mai aro da lambobi uku-uku, na ɗan aji 6 na firamare. Kar ka sa amsa." Ka kwafe a takarda ka miƙa wa yaro. Idan tambayar zance ce, ce mata ta yi amfani da naira da sunayenmu. Hausar waɗannan manhajoji takan yi tuntuɓe, don haka in ka ga ta kauce, rubuta umarnin da Turanci mai sauƙi. Kuma takan yi kuskuren lissafi tana faɗa da ƙarfin gwiwa, saboda haka duba amsa da kalkuletar wayarka.

3. Photomath ta mai duba aiki ce. Bayan yaro ya gama, kai ka haska ka ga matakan, ka kwatanta da nasa ka gano layin da ya kauce. Kar ka nuna masa allon wayar. Ce masa "sake duba layi na biyu". Ya gyara da hannunsa.

4. Bidiyo guda ɗaya, kan abu guda ɗaya. Khan Academy kyauta ce kuma ana iya sauke bidiyonta a kalla ba data. Ku dai sani tsarinta na Amurka ne, za ku ci karo da dala da inci, kuma Turancin zai iya yi wa yaro sauri. Nigeria Learning Passport, wadda gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ita ma kyauta ce, bisa manhajar karatun Najeriya aka gina ta, kuma akwai darussa da Hausa. uLesson ta gida ce amma ta kuɗi ce. Ko wacce ka zaɓa, ka sauke bidiyon da datar dare. Yaro ya kalli na minti biyar zuwa goma, a kife waya, ya yi tambaya biyar kan abin da ya gani. Bidiyon da ba a bi shi da fensir ba, kallon fim ne.

5. Kulle wayar kafin ka miƙa. A wayoyin Android akwai hanyar maƙale manhaja ɗaya a kan allo ta yadda yaro ba zai iya fita zuwa TikTok ko WhatsApp ba. Shiga saitin waya, a wurin bincike rubuta "pin", za ka ga an rubuta App pinning ko Screen pinning, ya danganta da ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung. Kunna shi, ka kunna zaɓin da ke neman lambar sirri kafin a cire. Sai ka buɗe manhajar karatun, ka danna maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan, ka taɓa tambarinta ka zaɓi Pin. Masu iPhone su nemi Guided Access. Idan yaron yana da tasa wayar ko tablet, Google Family Link zai ba ka damar ƙayyade masa lokaci da toshe manhajojin da ba ka so. Abu mafi sauƙi kuma, kashe data gaba ɗaya tunda an riga an sauke bidiyon.

6. Agogon waya don gwaji. Sau ɗaya a mako, a yi gwaji irin na ranar jarrabawa. Saita ƙidayar lokaci, ka ba shi tambayoyi a takarda, da takardar amsa daban wadda zai riƙa cikewa da fensir. Ana iya buga ta a shagon kwamfuta. Kar ku raina wannan. Yaro yakan tsallake tambaya ɗaya ya manta bai tsallake layinta a takardar amsa ba, sai duk amsoshin da suka biyo baya su zame da layi ɗaya. Ya san amsa, amma makin ya tafi.

7. Quantitative sabo yake so. A koya masa doka guda: kar ya amince da ƙa'ida sai ta yi aiki a duk misalan da aka bayar. In misali na farko 2 da 2 suka ba da 4, zai iya zama tarawa, zai iya zama ninkawa. Misali na biyu, 3 da 5 suka ba da 15, shi ne ya raba gardama. Yaro mai gaggawa da na farko yake tafiya.

Duk wannan minti 30 a rana ya isa: biyar na jadawalin sau da baki, sha biyar na abin da ake gyarawa, goma na tambayar zance. Yaran nan da safe boko, da yamma Islamiyya, wasu ga hadda ga aikin gida. Lesin awa uku bayan isha'i gyangyaɗi kawai yake sayo wa. Minti 30 na wata shida ya fi awa uku na sati biyun ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya.

"TO MU DA BA MU YI BOKO BA FA?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo min, kuma tana da nauyi. Wani zai ce kai kana maganar babba ya zauna ya duba takarda, mu ba mu san lissafin ba, ba mu da kuɗin mai lesin, wayar nan ita ce malaminmu. Hana yaro ita ai hana shi karatu ne.

Amsata kashi biyu ce. Na ɗaya, yawancin aikin babba a nan ba ya buƙatar digiri. Uwar da ke sana'a a gida tana lissafin uwar kuɗi da riba da ka, ta fi ƙarfin tambayar 8,000 da 10,000 ɗin can. Za ta iya riƙe waya, ta saita lokaci, ta ce "faɗa min yadda ka yi ka samu wannan". Yaron da ya kwafa ba ya iya bayani, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane haka daga in-inarsa.

Na biyu, ba sai babbar waya ba. A 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, an yi wani gwaji a Botswana da gidaje kusan 4,500 masu yara 'yan firamare. Wasu aka riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes duk mako. Wasu kuma bayan saƙon, wani mai koyarwa yakan kira su kusan minti 20 a mako, a sa wayar a sifika, ya bi tambayoyin da yaro da mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Saƙon shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Wanda aka haɗa da kira shi ne ya ɗaga lissafin yaran. Abin da ya yi aikin shi ne muryar mutum da ke sauraron yaro yana tunani, kuma ƙaramar waya mai tocila ta wadatar.

A wurinmu wannan ba abu ne mai wuya ba. Kusan kowane dangi akwai ɗan jami'a ko 'yar kwalejin ilimi ko mai bautar ƙasa. A roƙe shi kira ɗaya a mako. A ɗauki hoton takardar yaro a tura masa ta WhatsApp, ya dawo da saƙon murya: "Ka ce wa Abba ya sake duba lamba ta huɗu, ya manta aro." Ko maƙwabta huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su ɗauki malami ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma masu cewa zamanin ƙirƙirarriyar basira ne, gara yaro ya saba tun yanzu. Zai saba, kar ku damu, koyon danna waya ba ya ɗaukar yaran yanzu kwana biyu. Amma wanda bai san cewa 36 sau 7 ba zai taɓa zama 2,520 ba, ta ina zai gane ranar da na'urar ta yi masa ƙarya?

SHI MA MALAMIN LESIN A DUBA SHI

Biyan kuɗin lesin ba shi ne sauke nauyi ba. Akwai malamai na ƙwarai, akwai kuma wanda lesinsa gaba ɗaya shi ne buɗe tambayoyin shekarun baya yana cewa "lamba ta ɗaya B, ta biyu D". Wannan da manhajar amsa duk kanwar ja ce, bambancin kawai shi ana biyansa duk wata.

Yi wa malamin tambaya uku. A ina yarona yake da rauni? In ya ce "yana ƙoƙari, sai dai a ƙara addu'a", bai duba ba. Malamin kirki zai ce maka rabawa mai saura ce ke ba shi wahala, ko kuma ba ya gane tambayar zance. Ta biyu: zan iya ganin littafin aikinsa? Ka nemi goge-goge da gyare-gyare. Littafin da babu kuskure ko ɗaya abin tsoro ne. Ta uku: yara nawa ne a ajin lesin? In sun kai arba'in, an maimaita makarantar safe ce kawai.

Sannan a yi hattara da abin da ake turawa a zaurukan WhatsApp da Telegram. Wasu tarin tambayoyin da ke yawo amsoshinsu cike suke da kuskure. Masu cewa a turo kuɗi za su ba da tambayoyin bana kafin ranar jarrabawa, ko za su ƙara wa yaro maki, 'yan damfara ne, in ma da gaske ne to satar jarrabawa kake koya wa ɗan shekara goma. Kar a sauke manhaja daga wani liƙau da ba a san asalinsa ba, a tsaya a Play Store. Ranar rajista da ranar jarrabawa da kuɗinta kuwa, a duba shafin hukumar, neco.gov.ng, ko a tambayi shugaban makarantar yaro.

SAMUN GURBI BA SHI NE ƘARSHE BA

Akwai wata magana da ba mu cika son ji ba. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sha bayyana cewa ana raba guraben waɗannan kwalejoji ne kashi 60 bisa cancanta, kashi 30 bisa daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 bisa larura. A 2013 jaridu sun wallafa makin da aka yanke wa kowace jiha: na Anambra 139, na yara maza a wasu jihohin Arewa kuwa ko 10 bai kai ba. Wannan ya sa wasu iyaye ke cewa ai namu ko yaya ya yi zai samu.

A ce ma ya samu. Ranar da aka fara darasi, aji ɗaya zai zauna da yaron da ya shigo da maki mai yawa, malami ɗaya, allo ɗaya. Lissafin sakandare a kan na firamare aka ɗora shi. Wanda bai iya 1/2 da 1/4 ba, ranar da aka kawo x da y sai ya sallama, ya fara cewa shi dama kansa ba na lissafi ba ne. Daga nan an rufe masa ƙofar ajin kimiyya, an rufe ta likitanci da injiniyanci da ita kanta kwamfutar da muke magana a kai kullum. Haka abin yake ga masu ciro yaro daga aji 4 ko 5 su tura shi jarrabawa don a ce ya yi sauri. Aikin aji 6 ɗin da ya tsallake yana nan yana jiransa a gaba.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin lesin mai kyau ba makin aikin gida ba ne. Ma'aunin shi ne ka ɗauki tambayar da yaro bai taɓa gani ba, ka ajiye waya a aljihunka, ka ba shi fensir, ya yi ta, sannan ya yi maka bayanin yadda ya yi da Hausa.

Ku gwada tambayoyi shidan nan na mataki na ɗaya yau da daddare, ba za su ci minti goma sha biyar ba. Wanda ya san wani gida da ke da ɗan aji 5 ko 6, ya tura musu wannan rubutu. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa musu albarka a karatunsu.